Yadda Ake Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Mai Dogaro da Giya Bayan Jinyar Cutar Bairos

Idan mutumin da jikinsa ya saba da giya ya tashi daga jinyar wata cutar bairos, kamar korona ko mura mai tsanani ko ciwon hanta, sau da yawa zazzaɓi da tari kan wuce su bar wasu abubuwa da ma'aunin zafin jiki ba ya nunawa: mantuwa, rashin barci, saurin fushi, fargabar da ba a san mafarinta ba, da mutuwar zuciya har mutum ya daina sha'awar abubuwan da a da suke faranta masa rai. Iyali sukan yanke hukunci cewa duk aikin giya ne, shi kuma mara lafiyar yakan ɗora komai a kan cutar da ya yi, kuma kowane ɓangare yana da dalilin da ya sa amsarsa ta fi yi masa daɗi. Aikin mai kula da irin wannan mutum shi ne rarrabewa, domin a cikin waɗannan alamomi akwai masu iya kisa cikin kwanaki kaɗan, akwai masu washewa cikin makonni idan an daina sha, akwai kuma masu ɗaukar watanni suna buƙatar magani nasu na daban. Abin da ya fi taimakawa wajen rarrabe su shi ne lokaci, wato sanin ranar da kowace alama ta fara da abin da ya gabace ta.

Masu wannan matsala suna da yawa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 400 ne suke fama da matsalar shan giya, kuma miliyan 209 daga cikinsu sun kai matakin dogaro da ita. A ɗaya ɓangaren, masu bincike na Jami'ar Oksfod sun duba bayanan asibiti na mutum fiye da 236,000 da suka yi korona, suka wallafa a 2021 cewa kusan ɗaya cikin uku an gano masa wata larurar jijiya ko ta ƙwaƙwalwa cikin wata shida bayan jinyar. Da suka bi sawun mutum fiye da miliyan ɗaya har tsawon shekara biyu, sai suka ga wani bambanci mai amfani ga mai jinya: ƙarin haɗarin fargaba da tsananin damuwa ya sauka cikin kimanin wata biyu zuwa daidai da na sauran cututtukan numfashi, amma haɗarin dushewar tunani da farfaɗiya da taɓin hankali bai sauka ba har ƙarshen shekara ta biyu. Waɗannan alƙaluma na marasa lafiya ne gaba ɗaya, masu sha da marasa sha. Mai dogaro da giya kuwa yana shiga jinyar ne da rauni tun daga farko.

Raunin ta fuskoki da dama yake zuwa. Shan giya mai yawa na tsawon shekaru yana rage ƙarfin garkuwar jiki, yana kuma lalata ƙananan gasun da ke share hanyoyin numfashi, shi ya sa mashaya suka fi kamuwa da ciwon huhu kuma jinyarsu ta fi tsanani. Giya tana sa bangon hanji ya riƙa barin gubar bakteriya ta tsallaka cikin jini, wanda hakan ke barin jiki da ƙwaƙwalwa cikin wani ɗan kumburi na kullum. Idan bairos ya shigo, garkuwar jiki takan saki sinadaran yaƙi da cuta, kuma waɗannan sinadarai su ne ke jawo kasala da rashin cin abinci da son kaɗaici da kowa yake ji lokacin zazzaɓi. A jikin da dama can yake cikin kumburi, wannan yanayi yakan daɗe bai lafa ba. A ƙara da ƙarancin abinci mai gina jiki, da hantar da ta gaji, da barcin da ya jima da lalacewa.

Kwanakin farko: haɗarin da ke ɓoye a bayan zazzaɓi

Mafi yawan ɓarnar da ke daɗewa a ƙwaƙwalwa ana iya rage ta ne a makon farko, tun mutum yana kwance. Wanda ya saba sha kullum, idan ciwo ya kwantar da shi ko aka ba shi gado a asibiti, shan yakan yanke farat ɗaya ba da niyyarsa ba. Ƙwaƙwalwar da ta shekara tana aiki ƙarƙashin danniyar giya sai ta zabura. Tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe akan fara ganin karkarwar hannu, gumi, tashin zuciya da bugun zuciya da sauri. Cikin kwana biyun farko farfaɗiya na iya zuwa. Daga awa 48 zuwa 72 kuma wasu sukan shiga mummunar gigita, su kasa gane inda suke, su riƙa ganin ƙwari ko mutanen da babu su. Wannan mataki na ƙarshe yana kisa idan ba a yi maganinsa ba. Abin da ke sa a kasa gane shi da wuri shi ne gumi da zafin jiki da sambatu duk suna kama da alamomin cutar da ta kwantar da mutumin.

Saboda haka abu na farko shi ne a faɗa wa likita gaskiyar shan, ko da mara lafiyar ba ya so, kuma a faɗe ta da adadi: wace irin giya, kwalba nawa a rana, shekara nawa ana sha, yaushe aka yi shan ƙarshe, kuma ko ya taɓa yin farfaɗiya ko gigita a wani karon da ya daina. Amsar "yana ɗan taɓawa" ba ta amfanar likita da komai. Kunya ce ke hana iyali magana, musamman idan mara lafiyar mace ce ko mutum mai mutunci a idon jama'a, amma likitan da bai san da shan ba zai yi ta neman dalilin ruɗewar a wani wuri yayin da lokaci ke tafiya. Idan ya sani, akwai magunguna irin su diyazifam da ake bayarwa na 'yan kwanaki a ƙarƙashin kulawa, ana rage su sannu a hankali har haɗarin ya wuce. Ba magungunan da za a saya a ba mutum a gida ba ne, domin haɗuwarsu da giya ko da ciwon huhu tana iya danne numfashi.

Abu na biyu shi ne bitamin B1, wanda ake kira tiyamin. Ajiyarsa a jikin ɗan Adam ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku ba, giya tana hana hanji tsotsarsa, zazzaɓi yana ƙara yawan wanda jiki ke ƙonawa, amai da rashin cin abinci kuma suna yanke hanyar samun sabo. Idan ya ƙare, wasu sassa na tsakiyar ƙwaƙwalwa sukan fara lalacewa, larurar da likitan Jamus Carl Wernicke ya bayyana a 1881. Alamominta uku da aka sani su ne ruɗewa, tangaɗi a tafiya, da rawar ƙwayar ido ko ganin abu biyu-biyu, sai dai ƙalilan ne daga cikin marasa lafiya suke nuna dukkan ukun, don haka ba a jiran su cika. Idan an ba da tiyamin ta allura da wuri ana iya ceto ƙwaƙwalwar. Idan an makara, abin yakan zarce zuwa larurar da ke ɗauke da sunan likitan Rasha Sergei Korsakoff, inda mutum zai iya hira lafiya ƙalau amma ya kasa riƙe abin da ya faru minti goma da suka wuce, wani lokaci ma ya cike giɓin da labaran da ya ƙirƙira ba tare da ya san ƙirƙira yake yi ba. Da yawa daga cikin masu wannan larura ba sa komawa yadda suke. Ya dace mai jinya ya tambaya kai tsaye ko an ba da tiyamin, musamman idan za a yi ƙarin ruwa mai sukari, domin sukari ba tare da tiyamin ba yana iya tsananta lamarin. Ina ganin wannan tambaya ɗaya ta fi duk sauran abubuwan da ke cikin wannan rubutu muhimmanci.

Alamomin da ba a kwana da su a gida

Bayan an sallamo mutum ko ya tashi daga kwanciya, akwai sauye-sauyen da ba a jira a ga yadda za su kaya. Idan barcinsa ya juye, yana kwana ido biyu yana wuni yana gyangyaɗi, halinsa ya canza, maganarsa ta yi nauyi, a sa shi ya miƙa hannayensa gaba ya ɗaga tafukan sama kamar mai tsayar da mota, ya riƙe su haka na ɗan lokaci. Idan tafukan suna faɗuwa suna ɗagowa da kansu, alama ce cewa hanta ta kasa tace guba irin su amoniya, gubar kuma ta kai ƙwaƙwalwa. Kamuwa da wata cuta, taurin bayan gida da zubar jini a hanji su ne manyan abubuwan da ke tayar da wannan yanayi, kuma yana da magani, wanda aka fi sani shi ne laktulos. Idan idanu sun yi rawaya, ciki ya kumbura, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin, a tafi asibiti nan take.

Haka nan idan ruɗewa ta zo tare da ciwon kai mai tsanani, sabon zazzaɓi, sanƙarewar wuya, farfaɗiya ko raunin ɓangare ɗaya na jiki. Wasu bairos, musamman na hafis (mai fito da ƙuraje a leɓe ko al'aura), suna shiga ƙwaƙwalwar kanta, kuma kowace awa ta jinkiri tana ƙara ɓarna. Akwai kuma tarin jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai, wanda ya yawaita a tsakanin mashaya domin suna yawan faɗuwa kuma jininsu ba ya saurin daskarewa. Mutum na iya buga kansa a lokacin da jiri ya kwashe shi yana jinya, kowa ya manta, sai bayan makonni ya fara ciwon kai da mantuwa.

Sai maganar kashe kai. Dogaro da giya yana cikin manyan abubuwan da ke ƙara wannan haɗari, kuma makonnin bayan jinya, lokacin da mutum ya rasa ƙarfi, wataƙila ya rasa aiki, barci kuma ya ƙaurace masa, lokaci ne mai hatsari. Idan ya fara cewa ya zame wa mutane kaya, ko gara a ce bai tashi daga ciwon ba, a tambaye shi a fili cikin natsuwa ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da guba da makamai daga inda yake, a kai shi ga likita a ranar.

A rubuta komai da kwanan wata

Idan an tsallake waɗannan, sai a koma ga aikin da ke buƙatar haƙuri. A samu ƙaramin littafi, a fara da tarihin baya: yadda mutumin yake wata shida kafin ciwon, ko yana da mantuwa ko damuwa tun lokacin, ko ya taɓa daina sha na wani tsawon lokaci da yadda hankalinsa ya kasance a wannan tsakani. Daga nan a rubuta ranar da ciwon ya fara, ranar shan ƙarshe, da ranar da aka fara lura da kowace sabuwar alama. Sannan kullum a ƙara layi biyu ko uku. Misali, rubutun rana ɗaya zai iya zama haka: ya kwanta ƙarfe goma sha ɗaya, ya farka ƙarfe uku cikin gumi bai koma ba, da safe ya tambayi inda wayarsa take sau uku alhali tana aljihunsa, ya yi tafiyar minti ashirin da yamma, bai sha ba, amma ya ce sha'awar ta taso masa bayan faɗuwar rana. Idan washegari da jibi aka ga ya kasa tashi daga gado, littafin zai nuna alaƙar hakan da tafiyar minti ashirin ɗin, abin da ƙwaƙwalwar mai jinya ba za ta riƙe ba.

Likitan da ke da minti goma kacal zai fi amfana da wannan littafi fiye da dogon bayani na baka. A wurin ganawar ana iya neman a yi amfani da ma'aunan da aka saba da su: AUDIT, tambayoyi goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara kan shan giya, inda maki 8 zuwa sama ke nuna sha mai haɗari, 20 zuwa sama kuma ke nuna yiwuwar dogaro, da PHQ-9, tambayoyi tara kan tsananin damuwa, inda maki 10 zuwa sama ke buƙatar a duba da kyau. Amfaninsu ya fi fitowa idan aka maimaita su bayan wata guda aka kwatanta. Ya kamata kuma a yi gwajin jini na hanta da ƙoda, yawan jini, sukari, bitamin B12 da aikin tayirod (halittar da ke gaban wuya, wadda kumburinta ake kira maƙoƙo), tare da gwajin ciwon hanta nau'in B da C da na cuta mai karya garkuwar jiki, saboda kowanne daga cikin waɗannan yana iya jawo kasala da dushewar tunani, kuma kowanne yana da magani.

Mako huɗu ba tare da sha ba

Giya da kanta tana haifar da baƙin ciki da fargaba waɗanda ba a iya bambanta su da ciwon damuwa na asali ta hanyar kallo kawai. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa mafi yawan mashayan da suka zo da alamomin tsananin damuwa sukan samu sauƙi sosai cikin mako uku zuwa huɗu da daina sha, ba tare da maganin damuwa ba. Shi ya sa wata guda na ƙauracewa giya ya zama ma'auni: abin da ya washe a cikinsa galibi na giya ne, abin da ya rage kuma yana buƙatar a duba shi a matsayin larura mai zaman kanta, ko ta samo asali daga cutar bairos ɗin ko dama can tana nan giya ta lulluɓe ta. Wanda har yanzu yake sha kullum ba zai fara wannan wata guda shi kaɗai ta hanyar yankewa lokaci ɗaya ba. Da likita ake tsara yadda za a sauka.

Wannan ma'auni yana da iyaka, kuma a nan ne wasu ma'aikatan lafiya suke kuskure, su ce wa mara lafiya ya je ya daina sha tukuna sannan a saurari damuwarsa. Mutumin da yake sha domin ya samu barci ko ya kashe fargaba ba zai iya cika wannan sharaɗi ba idan ba a taɓa abin da ke tura shi ga kwalbar ba. Idan damuwar ta yi tsanani, ko ta riga shan farawa, ko ta taɓa ci gaba a wani lokacin da ya daɗe bai sha ba, ko akwai tunanin kashe kai, ana magance matsalolin biyu ne a tare. Magungunan damuwa kan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, kuma a kwanakin farko wasu sukan ji fargabar ta ɗan ƙaru, abin da ya kamata a sanar da mara lafiya tun kafin ya fara don kada ya watsar da maganin. Zama da masanin halayyar ɗan Adam, inda ake koyon gane tunanin da ke jawo fargaba da sha'awar sha da yadda ake tunkararsu, yana aiki ga matsalolin biyu.

A yi hattara da magungunan da ake saya ba tare da takardar likita ba. Farasitamol, wanda kowa ke sha don ciwon jiki bayan zazzaɓi, hanta ce ke sarrafa shi, kuma ga mai yawan sha ko mai ciwon hanta likitoci kan rage iyakarsa zuwa kimanin giram biyu a rana maimakon huɗu. Tiramadol da kodin da ƙwayoyin barci suna iya zama sabuwar jaraba a madadin tsohuwa, tiramadol kuma yana ƙara haɗarin farfaɗiya.

Gajiya da dushewar tunani da suka ƙi tafiya

A watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'anar larurar bayan korona: alamomin da ake gani galibi wata uku daga fara ciwon, waɗanda suka ɗauki aƙalla wata biyu, kuma babu wata cuta da ta bayyana su. Gajiya, ƙarancin numfashi da dushewar tunani ne kan gaba. Irin wannan ba da korona ya fara ba. An gan shi bayan annobar SARS ta 2003, inda da yawa daga waɗanda suka tsira a Hong Kong suka shekara da shekaru suna fama da gajiya da damuwa, an kuma daɗe da saninsa bayan wasu zazzaɓin bairos. Ga mai tarihin sha, sharaɗin nan na cewa babu wata cuta da ta bayyana alamomin yakan zama tarko, domin da an ji yana sha sai a rufe bincike. Littafin da aka rubuta shi ne hujjarsa: idan mutum ya shekara goma yana sha yana kuma riƙe da aikinsa da lissafinsa, sannan bayan zazzaɓin mako biyu ya kasa karanta shafi ɗaya ya fahimta, kuma haka ya ci gaba bayan wata uku ba ya sha, to akwai abin da ya ƙaru a kan giyar.

Alama ɗaya tana sauya yadda ake tafiyar da jinya, wato taɓarɓarewar jiki bayan ƙoƙari. Mutum zai yi wani aiki da bai taka kara ya karya ba, na jiki ko na tunani, sai bayan awa 12 zuwa 48 ya faɗi warwas na kwanaki. Ga mai wannan alama, shawarar da aka saba ba masu daina sha, cewa su duƙufa motsa jiki su cika lokacinsu da ayyuka, tana iya mayar da shi baya. A 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye shawarar ƙara motsa jiki bisa jadawali tsayayye ga masu larurar gajiya mai daɗewa. Abin da ake yi shi ne auna ƙarfi, kamar matafiyi mai ɗan guzuri da ke raba shi bisa kwanakin tafiya: a gano iyakar abin da mutum zai yi ba tare da ya biya da kwanciya ba, a tsaya ƙasa da wannan iyaka, a rarraba ayyuka da hutu a tsakaninsu, kuma a ranar da ya ji ƙarfi kada ya rama abin da ya wuce. Wanda ba shi da wannan alama kuwa, tafiya a ƙasa da ake ƙarawa a hankali tana taimaka wa barcinsa da zuciyarsa.

Game da mantuwa, dabarun masu sauƙi ne: abu ɗaya a lokaci ɗaya, ajiye makulli da waya da magani a wuri guda, ƙararrawar waya don lokutan magani, da yin ayyuka masu buƙatar tunani a sa'o'in da kai ya fi washewa. Ƙwaƙwalwar wanda ya daina sha tana ci gaba da farfaɗowa har tsawon shekara guda ko fiye, saboda haka gwajin tunani da aka yi a makon farko ba ya nuna inda mutum zai tsaya. A jinkirta manyan shawarwari kamar ajiye aiki ko sayar da kadara, a kuma dakatar da tuƙi har likita ya amince.

Rashin barci yana cikin abubuwan da ke mayar da mutane ga shan giya. Giya tana sa barci ya zo da wuri, amma tana danne matakin mafarki tana kuma farfasa rabin dare na biyu, sannan idan an daina ta mafarkai sukan dawo da ƙarfi, rashin barci kuma ya ɗauki makonni ko watanni. Idan aka haɗa da wanda cutar bairos ta bari, mutum yakan kai inda zai ce kurɓa ɗaya kawai yake so don ya runtsa. A tsayar da lokacin tashi guda ɗaya kowace safiya ko da daren bai yi daɗi ba, a samu hasken rana da safe, a taƙaita barcin rana, a bar abubuwan sha masu hana barci daga tsakar rana, kuma idan an kwanta barci ya ƙi zuwa a tashi a zauna a wuri mai ƙarancin haske har gyangyaɗi ya zo. Idan yana minshari mai ƙarfi yana ɗauke numfashi cikin barci, a gaya wa likita.

Wanda ya kwanta a sashen masu tsananin jinya, musamman idan an sa masa na'urar taimakon numfashi, yana iya fitowa da wasu tunane-tunane masu firgitarwa: cewa an ɗaure shi, ko ma'aikata sun so halaka shi. Gigita ce ta haifar da su, kuma mashaya sun fi shiga gigita a irin wannan sashe. A wurinsa abubuwan sun faru da gaske, don haka musu ba ya amfani. Abin da ke taimakawa shi ne wanda ya kasance a wurin ya ba shi labarin kwanakin ɗaya bayan ɗaya lokacin da ya nemi ji. Idan bayan wata guda yana ta mugayen mafarkai, yana firgita da ƙarar na'ura, yana guje wa asibiti, a nemi masanin da ke jinyar firgicin bayan tashin hankali.

Cututtukan da ke zaune a jiki

Ciwon hanta nau'in C da giya suna haɗuwa su gaggauta ƙanƙancewar hanta, kuma masu ɗauke da shi sukan yi kukan gajiya da nauyin kai tun hantar ba ta lalace ba. Tsohon maganinsa, allurar intafiron, ya yi ƙaurin suna wajen jawo tsananin damuwa, har ya sa aka riƙa hana mashaya da masu larurar ƙwaƙwalwa magani. Daga 2014 ƙwayoyin sha na mako 8 zuwa 12 suka maye gurbinsa, suna warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari, kuma ƙa'idojin jinya na yanzu ba su mayar da shan giya dalilin hana mutum su ba. Ga mai cuta mai karya garkuwar jiki, babbar ɓarnar giya ita ce sa mutum ya riƙa tsallake magani, bairos ɗin ya samu damar taɓa ƙwaƙwalwa. Maganin efabirenz, ɗaya daga cikin magungunan wannan cuta, kuma yana jawo wa wasu mafarkai masu nauyi da sauyin hali. Idan an ga haka a nemi likita ya duba yiwuwar canji, kada a daina shan maganin ba tare da izininsa ba.

Tsare abin da aka samu

Jinya takan ba mutum kwanaki ko makonni ba tare da giya ba, wataƙila karo na farko cikin shekaru, wasu ma sukan tarar jikinsu ya daina ɗaukarta, kaɗan ta sa musu ciwon kai da kasala. Dama ce da ya kamata a yi amfani da ita kafin ƙarfi ya dawo tsofaffin abokan sha su dawo tare da shi. Akwai magungunan rage sha'awar giya da ba a cika ba marasa lafiya labarinsu ba. Naltirekzon yana rage daɗin da ake ji daga sha, amma ba a haɗa shi da tiramadol ko kodin ko danginsu, kuma ana duba hanta kafin a fara. Akamfuroset ta ƙoda yake fita, don haka ya fi dacewa da mai raunin hanta idan ƙodarsa lafiya take. Disulfiram, mai sa mutum rashin lafiya idan ya sha giya, bai dace da mai ciwon hanta ko zuciya ko mai mantuwa ba. Ƙungiyoyin taimakon juna na masu daina sha, waɗanda mafi shahararsu ta faro a Amurka a 1935, suna da tarurruka ta intanet, abin da ke sauƙaƙa wa wanda gajiya ta hana fita. A kuma tambayi likita game da allurar rigakafin mura, korona, ciwon huhu da ciwon hanta nau'in B, tunda kowace sabuwar jinya tana iya maimaita duk abin da aka sha fama da shi.

Idan ya koma sha, a sani cewa jikinsa ba zai ɗauki adadin da ya saba ɗauka a da ba, musamman idan yana shan maganin damuwa ko na barci, kuma adadin da a da bai yi masa komai ba yanzu yana iya sumar da shi. A rubuta ranar da abin da ya gabace ta a cikin littafin, a sanar da likita cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma a ci gaba da ba shi tiyamin. Idan shan ya koma na kullum, kada a matsa masa ya yanke lokaci ɗaya a gida don huce haushi, domin alamomin yankewa sukan ƙara tsanani daga karo zuwa karo, kuma wanda ya tsira da karkarwa kawai a karon baya yana iya yin farfaɗiya a wannan karon.